Idan Kowane Mod Goma Ne Bisa Goma, Wanne Za Mu Sauke?

Kwanakin baya ina neman mod, wato gyara ko ƙarin da masu wasa suke ƙirƙira da kansu, da zan ƙara wa wani tsohon wasa da nake bugawa a kwamfuta, sai na faɗa shafin wani da makinsa ya haura tara bisa goma. Na gangara ƙasa domin in ga abin da mutane suka rubuta. Na farko ya ba shi goma, ya ce yanzu ya fara saukewa, amma hotunan kaɗai sun ishe shi. Na biyu ya ba shi goma saboda mai aikin ya sha wahala. Na uku ma goma ya bayar, sannan a layin ƙarshe ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da ya sa wasan yake rufe kansa da zarar an shiga gari na biyu. Can ƙasa akwai mutum ɗaya da ya ba da shida, ya jera abin da ya yi kyau da abin da ya lalace dalla-dalla, kuma shi kaɗai aka yi wa caa, ana tambayarsa ko shi me ya taɓa ƙirƙira.

Ra'ayina shi ne, makin da ake bai wa mod a yawancin dandalin intanet ya tashi daga ma'aunin inganci ya koma hanyar cewa an gode. Masu wannan aiki sun cancanci godiya fiye da wadda suke samu, ban musa ba. Amma maki shaida ce da ake bayarwa domin wanda zai zo daga baya, kuma duk wanda ya ba da goma ga abin da bai gwada ba, ko ya gwada ya ga aibinsa ya rufe, ya ba da shaidar da ba gaskiya ba ce, ko da kuwa alheri ya nufa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, mod gyara ne ko ƙari da masu buga wasan bidiyo suke yi wa wasan da hannunsu, ba tare da kamfanin da ya yi shi ya sa su ba. Wani rigunan 'yan ƙwallo kawai yake sauyawa, wani ya ƙara makamai, wani kuma ya gina sabuwar ƙasa sukutum da mutanenta da labarinta. Ba ƙaramar harka ba ce. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin mod ɗin da Minh Le da Jess Cliffe suka ɗora a kan Half-Life, Dota daga Warcraft III ya fito, DayZ kuma Dean Hall ne ya gina shi a kan Arma 2 a 2012.

Manyan rumbunan da ake samun su sun haɗa da Nexus Mods, wanda Robin Scott ya kafa a Ingila a 2001, da Mod DB na 2002, da Steam Workshop da kamfanin Valve ya buɗe a 2011. Wasa ɗaya kamar Skyrim yana da mod dubun-dubata. Babu mai lokacin gwada ko kashi ɗaya cikin ɗari, saboda haka dole mutum ya jingina da abin da waɗanda suka riga shi suka ce.

Daga ina kumburin makin yake tasowa?

Babban tushensa shi ne lokacin da ake ba da makin. A Nexus Mods, sai mutum ya sauke fayil kuma an yi minti 15 kafin a ba shi damar danna maɓallin yabawa. Doka ce mai ma'ana, domin ta toshe wanda ko saukewa bai yi ba. Sai dai duk wanda ya taɓa fara sabon wasa a Skyrim ya san cewa a cikin minti 15 da ƙyar mutum ya fita daga garin Helgen, inda ake buɗe labarin. Abin da ya gani a wannan ɗan lokaci shi ne cewa wasan ya tashi, itatuwa sun yi kyau, takobin yana ƙyalli. A kan wannan yake yanke hukunci.

Aibin mod kuwa ba ya bayyana da wuri. Wasu suna rubuta umarninsu a cikin ajiyar wasan mutum, wato fayil ɗin da ke riƙe inda ya kai a wasan, ta yadda ko an cire su daga baya, saurarsu tana nan tana jan ƙafar wasan. Wasu sai an yi makonni ana bugawa kafin a iso ƙofar da ta ƙi buɗewa, ko mutumin da ya kamata ya ba ka aiki na gaba ya tsaya ƙiƙam ya ƙi magana. A lokacin, mai wasan ya riga ya jibga mod hamsin ko ɗari, kuma bai san wanne ne ya jawo masa ba. Yabon da ya yi tun ranar farko yana nan a shafin kowannensu, laifin kuma ba a rubuta shi a kan kowa ba, tunda ba a san mai shi ba.

Sai kuma batun waɗanda suke komawa su ba da makin. Wanda mod ya ƙi yi masa aiki yakan goge shi ne ya kama gabansa, bai ga dalilin komawa shafin ba. Wanda ya ji daɗi shi ne mai komawa. A Nexus ma babu maɓallin kushewa, na yabo ne kaɗai, don haka lambar sama kawai take tafiya. Irin wannan lamba tana faɗa maka tsufan mod da yawan waɗanda suka ratsa ta kansa, ba ta faɗa maka mutum nawa ne suka gwada suka yi da-na-sani ba. Tsohon da ya tara yabon shekara goma yana zaune a saman jerin, sabon shiga ya gan shi a sama ya sauke, ya ƙara masa yabo, wanda ya fi shi inganci amma ya zo a makare yana can shafi na tara.

Makin kuma ba ya tsufa tare da abin da aka ba shi dominsa. Ranar 11 ga Nuwamba, 2021, lokacin da Bethesda, kamfanin da ya yi Skyrim, ta sabunta wasan domin cikarsa shekara goma, mod masu yawa da suka dogara da SKSE, manhajar da ke faɗaɗa abin da mod zai iya yi a wasan, sun daina aiki har sai da masu su suka sake gyara su. Waɗanda masu su suka daɗe da barin harkar, haka suka zauna a mace. Irin haka ta sake faruwa da Fallout 4 a Afrilun 2024. Amma yabon da suka tara a shekarun baya ko ɗaya bai ragu ba, yana nan yana kiran mutane zuwa ga abin da ba zai tashi a kwamfutarsu ba.

Akwai kuma kara, da ɗan tsoro a bayanta. Mai yin mod ba kamfani ba ne da ke can nesa. Mutum ne guda, yana karanta abin da aka rubuta, yana amsawa, wani lokaci ma shi ne ya taimake ka jiya da wata matsala. A manyan dandalin yana da ikon goge sharhi daga shafinsa, a wasu har ya toshe wanda ya ga dama. Masu yin mod ɗin su ma suna yaba wa juna, domin gobe kai ma za ka fitar da naka, kuma wanda ka ba shida yau ba zai manta ba.

Wannan ciwo ba na 'yan wasa ba ne su kaɗai. A 2009 YouTube ya bayyana cewa mafi rinjayen makin da ake bai wa bidiyoyi tauraro biyar ne, sai ɗan kaɗan na tauraro ɗaya, tsakaninsu kuwa kusan babu komai, kuma a shekarar da ta biyo ya watsar da taurarin. Wani bincike da masana daga Jami'ar Boston suka fitar a 2015 ya gano cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na gidajen da ke Airbnb, dandalin hayar masauki, makinsu tauraro huɗu da rabi ne ko biyar. Tun a 2008 eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida, saboda tsoron ramuwa ya sa masu saye suna yin shiru a kan abin da suka gani. A waɗannan wurare kuɗi mutane suka biya, amma duk da haka suka kasa faɗin aibi. To ina ga wurin da ba a biya ko sisi ba?

"Ai kyauta ne, me kake so kuma?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ita ake fara jefa wa duk wanda ya buɗe baki. Mutum ya ɗauki darare yana aiki bayan ya taso daga wurin neman abincinsa, ya ba ka ba tare da ya nemi komai ba, sannan ka zo kana auna masa? Yaba kyauta tukwici, in ji masu wannan magana, kuma goma bisa goma shi ne tukwicin da ya rage a hannun wanda ba shi da abin bayarwa.

Na yarda da rabin maganar. Amma a ce abokinka tela ne, ya ɗinka maka riga kyauta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A gabansa za ka gode masa, ka sa masa albarka, kuma ka yi daidai. Idan kuwa wani baƙo ya tare ka ya ce yana da shadda guda ɗaya da ya tanada domin Sallah, ya kai wa wannan tela ko kada ya kai, to nan ba godiya ake tambayar ka ba. Idan ka ce masa babu kamarsa a garin nan, ka biya bashin abokinka ne da shaddar wani. Shafin mod ya haɗa waɗannan tambayoyi biyu a maɓalli ɗaya, mutane suna amsa ta farko, masu karatu suna ɗauka amsar ta biyu ce.

Sannan kalmar kyauta tana ɓoye abin da mai saukewa yake kashewa. Wanda yake da intanet ɗin da ba ya ƙarewa yana iya sauke gigabait goma, ya ga bai yi ba, ya goge ya nemi wani. A wurinmu lissafin daban ne. Ku dubi matasan da ke buga ƙwallo a waya ta manhajar PPSSPP, wadda ke sa wasannin na'urar PSP ta Sony su yi aiki a waya. Wasan ƙwallo na PES na ƙarshe da aka yi wa na'urar PSP shi ne na 2014, don haka duk fayil ɗin da ake yawo da shi da sunan na bana, mod ne da wani ya ɗora a kan tsohon wasa, ya sauya 'yan wasa da riguna da filaye. Yaro zai sayi datar dare, ya hana idonsa barci yana jiran fayil ya sauka kashi-kashi, ya warware shi da safe, sai ya tarar baƙin allo kawai yake gani, ko kuma rabin 'yan wasan fuskarsu ɗaya. A ƙarƙashin bidiyon YouTube ɗin da ya kai shi can, babu abin da ya gani sai dubban masu yabo, domin tun Nuwambar 2021 dandalin ya ɓoye adadin masu kushewa. Waɗanda suka danna yabon tun kafin su gwada ba za su mayar masa da datarsa ba.

Wani lokaci abin ya wuce asarar data. A Mayun 2015 an gano cewa wani mod na GTA V mai suna Angry Planes, wanda ya yi farin jini har kafafen labaran wasanni suka yi ta nuna shi, yana ɗauke da manhajar da ke naɗar abin da mutum yake bugawa a kwamfutarsa, har da kalmomin sirri. A Yunin 2023 kuma an kutsa cikin asusun wasu masu yin mod na Minecraft a dandalin CurseForge, aka cusa wata muguwar manhaja da aka sa wa suna fractureiser a cikin fayilolin da mutane suka daɗe da amincewa da su. Ba na cewa maki na gaskiya zai hana irin wannan, domin mai wasa ba shi da hanyar ganin abin da aka ɓoye. Abin da nake cewa shi ne, mutane da yawa suna kallon taurari biyar a matsayin tabbacin cewa wasu sun duba sun ga lafiya, alhali mafi yawan masu bayar da su ba su duba komai ba.

"Za ku karya musu gwiwa"

Hujja ta biyu ita ce, idan aka fara ba da biyar da shida, masu aikin za su yi fushi su daina, kowa ya yi asara. Akwai gaskiya a nan da ba zan tsallake ba. Masu yin mod suna shan rashin kunya iri-iri: wanda bai karanta bayanin sanyawa ba ya zo yana zagi, wanda yake ba da umarni kamar shi ya ɗauke su aiki, wanda yake tambayar ranar sabuntawa kullum safiya. Da yawa sun bar harkar saboda wannan, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma zagi daban, awo daban. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya rubuta cewa labarin ya yi daɗi, muryoyin sun yi rauni, kuma wasan yana tsayawa a wuri kaza idan an haɗa shi da mod kaza, ya yi wa mai aikin hidimar da kamfanoni suke biyan ma'aikata albashi su yi. Wanda ya rubuta goma ya wuce bai ba shi komai da zai yi aiki da shi ba.

Wanda kumburin maki ya fi zalunta ma shi ne mai aikin da ya fi kowa kula. A ɗauki mutum biyu. Ɗaya ya shekara biyu yana gwada mod ɗinsa, yana bin kowane rahoton matsala, yana rubuta bayanin abin da ya dace da shi da abin da bai dace ba. Ɗayan ya haɗa nasa a mako guda, ya ɗauki hotuna masu ɗaukar ido, ya ɗora ya ɓace. Idan dukansu tara da ɗoriya za su samu, me aka ce wa na farkon? An ce masa wahalar da ya sha ba ta da alama. Ni a ganina wannan ya fi shida karya gwiwa.

Ya kamata kuma a lura cewa masu ba da goma ba tare da tunani ba su ne dai masu ba da ɗaya ba tare da tunani ba, ranar da ransu ya ɓaci. A Afrilun 2015 Valve da Bethesda suka fara sayar da mod na Skyrim a Steam Workshop, inda mai aikin yake samun kashi 25 cikin ɗari na kuɗin. Mutane suka fusata, suka yi wa shafin wasan ruwan mummunan maki, wasan da jiya-jiya suke yabo kuma ko harafi bai canza a cikinsa ba. Cikin kwana huɗu aka janye tsarin. Ko mutum yana ganin fushin ya dace ko bai dace ba, abin da ya faru ya nuna cewa makin ya zama tuta da ake ɗagawa domin nuna ɓangaren da ake. Idan jama'a suka saba da cewa goma tana nufin muna tare da kai, dole ɗaya ta koma nufin mun juya maka baya, kuma mai yin mod ɗin da ya faɗi wata magana da ba ta yi wa mabiyansa daɗi ba zai ga hakan a shafinsa kafin gari ya waye. Makin da ake bayarwa a kan aiki ya fi zame masa kariya.

Ga kuma kuɗi da suka shigo. Tun 2018 Nexus Mods yake raba wa masu aiki wani kaso na kuɗi a kowane wata, kuma da aka fara tsarin, yawan waɗanda suka sauke fayil ne ma'auni. Wasu kuma suna da masu tallafa musu da kuɗi ta dandalin Patreon. Tunda yabo ne ke ɗaga mod zuwa inda ido zai gan shi, ido kuma ke kawo masu saukewa, ba za a ƙara cewa makin wasa ne da ba ya taɓa aljihun kowa ba.

"Kowa ya san yadda ake karanta shi"

Wasu tsofaffin hannu sukan ce babu wanda ake ruɗa, domin kowa ya san cewa tara da rabi shi ne mai kyau, tara daidai-wa-daida, takwas kuwa a guje shi. Wannan amsa ita kanta amincewa ce da cewa ma'aunin ya lalace. An ɗauki tsani mai hawa goma an matse shi a hawa ɗaya da rabi, sannan bambancin da ke tsakanin gwaninta da shirme ya koma 'yan ɗigo da mutum biyar masu zumuɗi za su iya juyawa. Kuma wa ya san wannan sirri? Wanda ya shekara goma a harkar, wato wanda ba ya ma bukatar makin, domin ya san sunayen masu aikin kirki. Sabon shiga, wanda dominsa aka yi ma'aunin, shi ne yake karanta takwas a matsayin takwas.

Sukan ƙara da cewa ai sai a karanta sharhi. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bi. Sai dai sharhin yakan kai ɗaruruwa, da Turanci ko Rashanci ko wani harshen da mai nema bai iya ba, rabinsa godiya ce, kuma mai shafin yana iya share wanda bai so. Idan dole ne sai an karanta duk wannan kafin a san gaskiya, lambar da aka liƙa a sama ba ta da wani aiki sai jan mutane.

"Daɗi ai ra'ayi ne"

Haka ne, kuma ba na jayayya da wanda ya ce mod ɗin da ni ban so ba shi ya fi so a duniya. Amma ko wasa yana rufe kansa ko ba ya yi, wannan ba ra'ayi ba ne. Fallout: London misali ne mai kyau. Ƙungiyar masu sa kai ta Team FOLON ta shafe shekaru tana gina birnin Landan a kan Fallout 4, ta fitar da shi kyauta ta dandalin GOG ranar 25 ga Yuli, 2024. Aiki ne da ya kai girman cikakken wasa, kuma yabon da ya samu ya cancanta. A makonnin farko kuma ya yi ta mutuwa a hannun mutane da yawa, masu shi ma ba su ɓoye ba, suka bi shi da gyare-gyare. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Wanda ya ba shi goma a ranar farko ya faɗi ɗaya ya haɗiye ɗaya, kuma wadda ya haɗiye ita ce mai ƙaramar kwamfuta da ƙarancin data ya fi bukatar ji, domin da ya ji, da ya jira wata biyu.

Abin da za a iya gyarawa

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, domin yawancin maganin yana nan a wasu wurare. A shafukan sayar da wasanni na Steam, ana nuna awannin da mai sharhi ya yi yana buga wasan a gefen sunansa, kuma tun 2016 ana ware makin kwana 30 na baya-bayan nan daga na tun farko. Waɗannan abubuwa biyu kaɗai za su sauya fuskar shafukan mod. Yabon wanda ya yi awa sittin da mod ba daidai yake da na mai minti 15 ba, kuma ya kamata kowane maki ya zo da lambar sigar da aka ba shi dominta, ta yadda yabon 2016 ba zai riƙa tsaya wa fayil ɗin 2024 ba. IMDb, shafin bayanan finafinai, shi ma ba ya barin fim mai ƙuri'u kaɗan ya haye saman jerinsa don kawai waɗanda suka jefa duk goma suka bayar.

Abin da na fi so in gani shi ne a raba maɓallin gida biyu. A bar na godiya, kowa ya danna son ransa, a nuna wa mai aikin adadin ya ji daɗi. A gefe kuma a yi wa mai saukewa tambayoyi gajeru bayan ya ɗan jima da shi: ya yi aiki? A kan wace sigar wasa? Ka kai ƙarshensa? Har yanzu yana kan kwamfutarka ko ka cire? Tambayar ƙarshen nan ta fi kowane tauraro faɗin gaskiya, kuma amsa ta ba ta bukatar mutum ya ci fuskar kowa.

Masu wasan Doom, wanda ya fito tun 1993 kuma har yau ake yi masa sababbin matakai, sun bi wata hanyar. Tun 2004 dandalin Doomworld yake fitar da kyaututtukan Cacowards a kowace Disamba, inda wasu 'yan kaɗan da suka buga ayyukan shekarar suke zaɓar waɗanda suka yi fice, su rubuta dalilinsu a kan kowanne. Ana yi musu gardama duk shekara, ana cewa sun manta da wane, sun fifita irin salon da suke so. Amma gardama ce da ake yi da hujjar da aka rubuta aka sa suna a ƙasa, kuma mai karatu yana iya gane ko ɗanɗanonsa ya zo ɗaya da na marubucin. Da lambar da dubban mutane suka tara cikin zumuɗi babu yadda za a yi wannan.

Kafin masu dandalin su motsa, akwai abin da ke hannun mai saukewa. Ya jinkirta makin har sai ya buga mod ɗin sosai. Idan godiya ce ta cika masa ciki tun ranar farko, akwatin sharhi yana nan, ya rubuta ta da kalmomi, ko ya tura wa mai aikin ɗan abin da ya samu idan akwai hanyar yin hakan. Idan ya zo ba da maki, ya faɗi irin kwamfutarsa ko wayarsa, da sigar wasan, da inda ya tsaya. Idan kuma ya ga an taru a kan wanda ya ba da shida da hujjojinsa, ya gwada abin da mutumin ya faɗa, in ya same shi haka, ya rubuta a ƙasa cewa shi ma ya gani.